Bugu Uku a Turmi

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani mutum, manomi, da matarsa, da 'yarsu guda ɗaya mai suna Roda. Sa'ad da Roda ta cika shekara biyu, sanƙarau ya shigo garin da bazara, ya ɗauki yaran da ya ɗauka, ya bar waɗanda ya bari. Roda tana cikin waɗanda ya bari, amma bai bar ta yadda ya same ta ba. Da ta tashi daga ciwon sai aka ga idanunta a buɗe, ba ta kuwa gani da su. Aka tafa hannu a bayanta, ba ta waiwayo ba. Aka kai ta asibiti, ikilisiya ta yi addu'a da azumi, likita ya duba ya ce idon da kunnen duka sun tafi. 'Yan kalmomin da ta fara koya, irin su "Mama" da "tuwo", su ma suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Manomin nan yana ƙaunar 'yarsa, wannan ba wanda zai yi musu. Amma tsoro ya shiga cikin ƙaunar tasa har ya fi ta yawa. Idan yana gona, zuciyarsa tana gida. Ya tuna da murhu, ya tuna da tukunyar ruwan zafi, ya tuna da laujen da wataƙila ya manta a ƙasa. Ba kuwa a banza yake tsoron ba, gama Roda ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Ta taɓa tsoma hannu cikin garwashi. Ta taɓa ficewa daga gida, aka same ta a tsakiyar burtali shanu suna ratsa ta hagu da dama. Ga kuma wani hali da take da shi: in aka cafke ta ba zato, sai ta firgita ta zabura gaba da iyakar ƙarfinta, kome ke gabanta.

Saboda haka ya kafa turke a inuwar ɗaki, ya tuƙa igiyar rama, ya ɗaura mata a ƙugu. Da hawaye ya yi wannan aiki. Mutumin kirki ne, har tsumma ya naɗa wa igiyar don kada ta ci mata fata. Amma ko da alharini aka naɗe igiya, sunanta igiya.

Matarsa ta ce, "Baban Roda, har yaushe za ta zauna a ɗaure?"

Ya ce, "Har ranar da za a ce mata tsaya, ta ji, ta tsaya."

Dukansu biyu sun san abin da amsar take nufi. Shekara ta bi shekara, Roda ta kai bakwai. Ƙasar da ke kewaye da turken ta yi sumul saboda zagayawarta.

Ana nan sai matar ta yi ciki, laulayi ya kwantar da ita, daka ya gagare ta. Aka kira wata tsohuwa gwauruwa daga cikin matan zumunta, sunanta Afiniki, wadda take dakau a gidajen mutane. Iya Afiniki ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma ta shekara hamsin da taɓarya a hannu, kuma Allah ya ba ta idon lura.

Ranar farko da ta fara surfe a turmin gidan, ta ga yarinyar da ke ɗaure ta daina zagayawa. Ta ga ta jawo igiya har ƙarshenta, ta fuskanci turmin, ta manna tafin ƙafafunta a ƙasa. Iya ta dakata. Yarinyar ta ɗaga kai kamar mai jiran wani abu. Iya ta ci gaba, yarinyar ta yi murmushi. Sau huɗu tsohuwar ta gwada haka don kada ta ruɗi kanta.

Da manomin ya dawo daga gona, ta ce masa, "Ɗana, yarinyar nan tana ji."

Ya ce, "Haba Iya, kada ki fama mana ciwo. Likita ya riga ya faɗa."

Ta ce, "Ni ban ce da kunne ba. Da ƙafa take ji. Ƙanena kurma ne, da dukan ƙasa muke kiransa cin tuwo. Ka ba ni ita daga nan zuwa rani, in koya mata tsayawa."

Manomin ya so ya ƙi. Ya daɗe da binne wannan bege, yana kuma tsoron a tono shi a sāke binnewa. Amma matarsa ta dube shi da idon roƙo, sai ya yarda. Iya ta kafa masa sharaɗi: in tana gidan, a kwance igiyar, in yarinyar ta yi kuka, kada ya ɗauke ta, kuma faufau kada a sa mata takalmi. Wannan na ƙarshe bai dame shi ba, tun da Roda ba ta taɓa sa takalmi ba. Na biyun ne ya yi masa nauyi.

Turmin gidan na ƙirya ne, babba, mai nauyi, wanda uwar matar ta ba ta cikin kayan aure. Iya ta fara da ɗora tafin hannuwan Roda a jikinsa tana daka a hankali. Bayan kwanaki ta sauko da hannuwan ƙasa kusa da gindin turmin. Daga nan ta tsai da ita a kan ƙafafunta, tana matsar da ita baya taki ɗaya ɗaya. Magana biyu kaɗai take so ta koya mata. Daka a jere ba tsayawa, ma'anarsa ki zo, ga abinci. Bugu uku masu ƙarfi sa'an nan shiru, ma'anarsa ki zauna nan inda kike, kada ki motsa sai an zo.

"Zo" bai ɗauki mako guda ba, domin ciki malami ne mai saurin koyarwa. "Zauna" kuwa ya sha wata da watanni. Iya takan buga sau uku, uwar ta danna kafaɗun Roda ƙasa. Roda ta yi kururuwa, ta yi yaƙushi, ta yi birgima. Ina laifinta? Yarinyar da ta yi shekaru a turke, yau an sake ta, ga kuma waɗansu hannuwa suna cewa ta zauna, ba wanda zai iya gaya mata dalili. Rannan ta gartsa wa Iya cizo a hannu har jini ya fito. Tsohuwar ta ɗaure wurin da bakin zanenta, ta sāke ɗaukar taɓarya.

Manomin yakan tsaya a bakin zaure yana kallo. Sau da yawa ya taka zai je ya ɗauke ta, sai ya tuna da alkawarinsa ya koma. Wata rana ya kasa daurewa.

Ya ce, "Iya, wahalar nan ta isa. Ba wuta a gabanta, ba rami, don me za a sa ta kuka?"

Iya ta ce, "Ranar da wuta take gabanta ba ranar koyo ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta koya wa Roda waɗansu abubuwa biyu kuma. In abin da ta ji a ƙafa bai fito sosai ba, ta sunkuya ta dafa ƙasa da tafin hannu, gama hannu ya fi ƙafa ji. Ta kuma hana kowa cafkarta. Wanda zai zo wurinta, ya fara taɓa bayan hannunta a hankali, sa'an nan ya ba ta nasa hannun ta shafa. Manomin yana da tabon lauje a babban yatsansa na dama. Da wannan tabo Roda ta san ubanta.

Kafin a gama girbin dawa, Roda tana zama sau biyar cikin goma. Uban ya ce biyar cikin goma ba ji ba ne. Iya ta ce sannu ba ta hana zuwa. Da aka shiga rani kuwa, ko Roda tana can ƙarshen gida, in aka buga uku sai ta zauna daram, ta harɗe hannuwa tana jira. Aka daina ɗaure ta gaba ɗaya. Ta koyi hanyar ɗaki, ta koyi hanyar garken awaki. Ta kuma koyi wata hanya da ta fi so duka: ta bi jikin danga har ƙofar da ke can kusurwa, ta fita bayan gida, ta miƙe zuwa gindin mangwaro. Amma manomin bai tumɓuke turken ba. Igiyar ma ya naɗe ta ya ajiye cikin rumbu, ya ce wa ya san gobe.

A cikin ranin nan ne ya ɗauko masu haƙar rijiya, domin matarsa ta kusa haihuwa, rafi kuma da nisa. Masu haƙa suka zaga, suka ce ba inda ruwa ya fi kusa kamar bayan gida, daidai kan hanyar mangwaron nan. Manomin bai so ba, amma ba yadda zai yi. Ya yi wa ƙofar dangar asabari mai ƙarfi, ya ja kunnen masu haƙa cewa duk wanda ya wuce ya rufe ya ɗaure, in kuma za su tashi su jera itatuwa a bakin ramin. Kullum sai ya je ya duba da kansa sau uku, sau huɗu. Roda takan zo ta shafa asabarin, ta ji a rufe, ta koma tana ƙunƙuni.

Sai kuma ƙaya ta soki Roda a tafin ƙafa. Wurin ya kumbura, ya yi mugunya, jikinta ya yi zafi kwana uku. Da manomin ya taɓa goshinta ya ji zazzaɓi, sai ya tuna da bazarar sanƙarau, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Da ta warke, ranar kasuwa ya je ya sayo mata takalmin taya, irin mai kaurin nan da ƙaya ba ta hudawa. Ya sa mata, ta cire ta yar. Ya sāke sawa, ta sāke cirewa. Sai ya ƙulle maɗaurin da ƙullin da yatsunta ba za su iya kwancewa ba.

Da Iya Afiniki ta shigo ta gani, ta ajiye taɓaryarta.

Ta ce, "Ɗana, kunnen da ya rage mata shi ka toshe."

Ya ce, "Iya, ba ke kika matse mata mugunya ba. Ni na ji zafin jikinta."

Ta ce, "To, ɗauki tsintsiya ka share mata hanya. Ka bar ƙafar."

Ya ce, "'Yata ce."

Ta ce, "Na sani. Don taka ce nake faɗa maka."

Ransa ya ɓaci. Mutum in tsoro ya cika shi, ba abin da ya ƙi ji kamar gaskiya. Ya ce, "Mun gode da wahalarki, Iya. Ai ta riga ta koya. Ki huta haka nan."

Tsohuwar ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki taɓaryarta ta nufi ƙofa. Da ta zo kusa da matar sai ta ce mata a hankali, "Maman Roda, kada ki yi nisa da turmin nan."

Bayan kwana biyar, da hantsi, manomin ya hau kan rumbu yana gyaran jinka. Matarsa tana tsakar gida tana ɗan dakan yaji a hankali, cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa da ƙyar take yi. Can sai masu haƙa suka yi sowa: sun kai ruwa a gaba goma sha biyu. Murna ta ɗebe su. Suka fito daga ramin jiƙe da laka, suka ratsa gida da gudu za su kai albishir cikin gari. Na ƙarshensu ya ture asabarin, bai waiwaya ba. Itatuwan rufi suna zube a gefe.

Manomin ma murna yake yi. Ya ɗaure wani dami na ciyawa, ya ɗaure na biyu, sa'an nan ya ɗaga kai. Sai ya hangi Roda a bayan danga. Ta sami ƙofa a buɗe bayan mako uku, tana tafe tana dariya, hannuwanta a miƙe, ta nufi mangwaronta a kan hanyar da ta sani sarai. Tsakaninta da bakin rijiya bai fi taki goma ba.

Ya ƙwala kira, "Roda! Roda!"

Ya manta, ko kuwa bakinsa ne ya manta. Yana kiran sunan da ba ta ji ba shekara biyar. Ya dubi tsani, ya dubi ƙasa, ya ga kafin ya sauka ya zaga ta ƙofa an gama. Ko da ma ya isa da gudu ya cafke ta, ya san gaba za ta zabura.

Matar ta ji kururuwarsa, ta leƙa ta saman danga, ta gani. A miƙe ba nisa, amma ga danga a tsakani, ga ƙofa can kusurwa, ga cikin wata tara. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga taɓarya ta buga: ɗaya, biyu, uku.

Roda ba ta tsaya ba. Takalmin taya ya shanye bugun. Saura taki shida.

Manomin yana kan rumbu yana kallo. Ya ce, "Ya Ubangiji, ni na ƙulle takalmin nan. Ni ne."

Matar ta kama taɓaryar da hannu biyu, ta ɗaga ta sama da kanta, ta sāke bugawa, yaji yana tashi yana shiga idanunta. Ɗaya, biyu, uku. Roda ta yi taki biyu, ta yi na uku, ta rage sauri. Ta karkata kai. Wani abu ya taɓa ta, amma bai fito ba. Ta ƙara taki ɗaya. Ƙasar da masu haƙa suka tara ta soma gangarawa daga bakin takalminta tana zuba cikin ramin. Sai ta sunkuya, ta dafa ƙasa da tafin hannunta.

Uwar ta tattara ƙarfin da take da shi da wanda ba ta da shi. Ta buga na ɗaya. Ta buga na biyu. A na uku turmin ƙirya ya tsage daga baki har gindi, ya rabu biyu.

Roda ta zauna.

Ta zauna, ta harɗe hannuwa, ta ɓata fuska, domin ba ta ga dalilin da za a hana ta mangwaronta ba. Da ta miƙe ƙafa, da diddigenta ya leƙa rijiya. Manomin bai san yadda ya sauko ba. Ya zaga ta ƙofa, zuciyarsa tana cewa yi gudu ka fizge ta, amma ya tilasta wa kansa tafiya a hankali. Ya durƙusa a gefenta. Ya taɓa bayan hannunta, ya miƙa mata babban yatsansa. Ta shafa tabon, ta kama hannun, ya jawo ta baya a hankali har suka yi nisa, sa'an nan ya fashe da kuka.

Roda kuwa fushi take yi, tana ta nuna wajen mangwaro. Sai uban ya je rumbu ya ɗauko tsohuwar igiyar nan ta rama, ya haɗa ta da igiyar masu haƙa, ya ɗaura dutse a bakinta. Ya kwanta rubda ciki a bakin rijiyar, ya kwantar da yarinyar kusa da shi yana riƙe da ita gam. Ya sa hannunta ta shafa gefen ramin, ta miƙa gaba ta ji babu ƙasa. Ya damƙa mata igiyar, ya saki dutsen a hankali. Igiya tana wucewa ta cikin tafinta, tana wucewa, tana wucewa, ba ta ƙare ba. Tun ba a kai rabi ba dariya da fushi duka suka bar fuskarta. Ta saki igiyar, ta ƙanƙame wuyan ubanta.

Ya zaro wuƙa ya yanke maɗaurin takalmin. Ya rufe bakin rijiyar da hannunsa, ya tumɓuke turken da ke inuwar ɗaki. Da la'asar ya ɗauki ɓarin turmin ɗaya a kafaɗa, takalmin a hannu, ya tafi gidan Iya Afiniki. Ya ajiye su a gabanta ya durƙusa.

Tsohuwar ta dubi ɓarin turmin, ta ce, "Ta zauna?"

Ya ce, "Ta zauna, Iya."

Ta ce, "To, tashi ka nemo mana wani turmin. Magana biyu kaɗai ta sani, da sauran aiki."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Roda mu ne, ni da ku. Kada wani ya ce ai shi idonsa garau, kunnensa garau. Wa a cikinmu ya san abin da ke taki goma a gabansa? Muna tafe muna dariya a kan hanyar da muka saba, muna cewa ai na bi nan sau ɗari, ba mu san an haƙa rami a cikinta ba. Ubanmu na sama yana gani daga bisa. Kuma bai ga dama ya ɗaure mu a turke ba, ko da yake da ya yi haka da ba mai tuhumarsa. Ya fi so ya koya mana muryarsa, mu yi tafiya a sake.

Bugun turmi Maganar Allah ce. Kun lura "zo" bai yi wa Roda wuya ba? Haka muke. In aka yi wa'azin albarka, a ce zo ka karɓa, amin ɗinmu har kan titi ake ji. Amma ranar da Maganar ta ce tsaya, kada ka shiga wannan ciniki, kada ka bi wannan aboki, kada ka mayar da wannan baƙar magana, sai mu fara yaƙushi da birgima, mu ciji hannun da yake koya mana. Ni mai faɗa muku na ciji irin wannan hannu ba sau ɗaya ba. Muna so a gaya mana dalili tukuna. Amma Roda ba ta san da rijiya ba sa'ad da ta zauna. Ta zauna da fushinta, daga baya aka ba ta igiya ta auna zurfin. Da ta ce sai ta gane kafin ta yi biyayya, da a ƙasan ruwa za ta gane.

Ba kuwa ranar hatsari aka koya mata ba. Ranakun da ba wuta ba rami, ranakun da ubanta yake cewa wahalar banza ce, su ne suka cece ta. Ku yara da kuke gajiya da haddace aya, ku iyaye da kuke cewa yau a bar addu'ar safe mun makara, ku tuna da wannan.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne takalmin. Ba maƙiyi ne ya sa mata ba, ubanta ne, kuma don ƙauna. Ƙaya ta taɓa sukanmu, wani ya ɓata mana rai a ikilisiya, ko mun yi addu'a ba mu ga amsa ba, sai mu ce ba za a sāke ba. Mu sa wa zuciya taya mai kauri. Gaskiya ne ƙaya ba za ta ƙara shiga ba. Amma bugun ma ba zai shiga ba. Akwai wanda yake zaune a nan yau, shekara da shekaru ana bugawa, shi kuwa yana cewa Allah ya yi shiru. Ɗan'uwa, duba ƙafarka. Ku iyaye kuma, ku yi hankali da irin kāriyar da kuke yi wa 'ya'yanku. Wanda ya hana a tsawata wa ɗansa don kada ya yi kuka, takalmin taya yake ƙulla masa. Wanda kuma Allah ya ba shi yaro irin Roda, makaho ko kurma ko gurgu, kada ya ɓoye shi a bayan ɗaki ya ce ba abin da zai iya koya. Allah bai bar kowa ba ƙofa. Ku nemi inda yaron yake ji, ku yi masa magana ta nan, ku kuma girmama su Iya Afiniki da suke cikinmu.

Saura turmin. Sau biyu aka buga, saƙon bai isa ba, saboda kaurin abin da ke ƙafarta. Kafin ya isa sai da turmin ya tsage. Allah ya yi ta aiko mana da gargaɗi tun zamanin kakanni, ba mu ji ba. A ƙarshe ya aiko da Ɗansa, Yesu Almasihu, aka buge shi har jikinsa ya karye a kan gicciye, domin mu ji, mu tsaya a bakin rami. Matar nan ba ta da wani turmin bayan wannan. Allah ma Ɗa ɗaya gare shi.

Saboda haka in yau ka ji wani abu yana motsi can ƙasan zuciyarka, ko da bai fito sosai ba, kada ka ƙara taki. Ban san taki nawa ya rage maka ba, kai ma ba ka sani ba. Sunkuya ka dafa ƙasa. Zauna inda kake, ko da ranka a ɓace. Mai zuwa yana zuwa, ba kuwa zai cafke ka ba. Zai taɓa bayan hannunka a hankali, ya miƙo maka nasa. Shafa, za ka ji tabon.